Girman bututun da ya dace tsakanin tankin kifin ado da tankin tacewa na ƙasa

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Mabera, cikin garin Sakkwato. An haɗa mini tankin kifin ado na gilashi mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 60, kuma ina son sa masa tankin tacewa a cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashinsa, mai tsawon santimita 80, faɗi 35, tsayi 40. Na sayi famfon da ake nutsarwa cikin ruwa, an rubuta a kwalinsa lita 3000 a awa, tsayi mita 3. Mai gyaran famfon gidanmu ya ce a yi hawa da sauka duka da bututun inci ¾, tunda girman bakin famfon ke nan. Ba a riga an huda gilashin ba. Wane girman bututu ya dace, kuma yaya zan kauce wa ambaliya a falo idan an ɗauke wuta?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Ka yi dabara da ka kawo tambayar nan tun ba a taɓa gilashin ba, domin bututu ana iya yanke shi a sauya duk ranar da aka ga dama, amma ramin da aka huda a jikin gilashi ya zauna ke nan. Abin da kake son sani shi ne faɗin bututun da zai ɗauki ruwa daga famfo ya kai shi tankin sama, da faɗin wanda zai sauko da shi tankin ƙasa, da yadda za a tsara su don kada ruwa ya malale a ɗaki ranar da wani abu ya tsaya. Ga inda na tsaya, dalilan kuma za su biyo baya: bututun hawa ya zama inci 1, na sauka kuma su zama biyu, ɗaya inci 1 mai bawul, ɗayan inci 1¼ ko 1½ wanda ba a sa masa bawul ko kaɗan.

Shawarar da mai gyaran famfonku ya bayar ba ta rashin sanin aiki ba ce. A aikin gida, inda tanki ke can bisa ƙarfe mai tsayi ko injin burtsatse ke turo ruwa da ƙarfi, inci ¾ ya wadatar, kuma ko da ruwan ya ɗan rage gudu a banɗaki babu abin da ya ɓaci. A tankin kifi lamarin ya sha bamban ta fuska biyu. Famfon irin naka yana motsa ruwa mai yawa amma ƙarfin turinsa kaɗan ne, don haka ƙuncin bututu yana cinye shi nan da nan. Bututun sauka kuwa babu injin da ke tura ruwa a cikinsa, nauyin ruwan ne kawai ke gangarar da shi, kuma dole ya kwashe duk abin da famfo ya hayar a kowace daƙiƙa, in ba haka ba tankin sama ya cika ya zube. Aiki biyu ne mabambanta, bai kamata a ba su ma'auni ɗaya don kawai bakin famfo ya zo da wannan girman ba.

Yawan ruwan da zai riƙa zagayawa

Ba a zaɓen bututu sai an san yawan ruwan da zai bi ta cikinsa. Idan aka ninka 120 da 50 da 60 aka raba da 1000, tankinka yana ɗaukar lita 360 in an cika shi har baki. Ƙiyasin da masu wannan sana'a suka saba bi a tankin ruwan daɗi shi ne ruwan ya ratsa matata sau 3 zuwa sau 5 a kowace awa, wato a wajenka tsakanin lita 1100 da lita 1800. Ana matsawa sama idan kifayen manya ne masu yawan ci da yawan kashi, ana sauka ƙasa idan ƙanana ne da ba sa son igiyar ruwa. Mu ɗauki lita 1500 a awa a matsayin abin da muke nema.

Lambobi biyun da ke kan kwalin famfo ba sa faruwa a lokaci ɗaya, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa ke ruɗewa. Lita 3000 ita ce abin da famfon ke fitarwa idan ba ya ɗaga ruwan ko taƙi ɗaya kuma babu bututu a bakinsa. Mita 3 kuwa ita ce tsayin da idan ruwan ya kai sai ya tsaya cak, ko ɗigo ba ya fita. Tankinka yana tsakanin waɗannan iyakoki biyu. Tsayin da ake lissafawa shi ne tazarar da ke tsakanin saman ruwan tankin ƙasa da saman ruwan tankin sama, ba daga daɓen ɗaki ba, kuma a kabad mai tsayin kusan mita 1 wannan tazara takan kama mita 1.3. Kamfanonin kirki suna buga jadawali a kwali ko a takardar ciki mai nuna lita nawa famfo ke bayarwa a kowane tsayi, kuma idan naka yana da shi, shi za ka bi. Idan babu, sai a ɗauka ruwan yana raguwa daidai wa daida da ƙaruwar tsayi, wanda ke nufin a mita 1.3 abin da ya rage bai wuce lita 1700 ba, tun kafin a lissafa abin da bututu zai ci.

Bututun hawa

Ruwan da ke gudu cikin bututu yana gogayya da bangonsa, kuma kowace gwiwa, wato mahaɗin da ke juya hanyar bututu, da kowane bawul suna ƙara masa wahala. A wajen famfo, wannan gogayya daidai take da a ce an ƙara masa tsayin da zai hau. Abin da ya sa faɗin bututu ke da muhimmanci haka shi ne gogayyar ba ta raguwa a hankali idan an faɗaɗa shi, faɗuwa take yi warwas: idan aka ninka faɗin cikin bututu sau biyu, ruwan da ke bi bai canza ba, gogayyar da ke cikin miƙaƙƙen bututun tana raguwa kusan sau 30. Haka kuma idan aka ninka yawan ruwan sau biyu a bututu ɗaya, gogayyar tana ƙaruwa kusan sau 4.

Na yi lissafin a kan tsarin da ya yi kama da naka, wato bututu mai tsawon mita 2.5, gwiwa 4, bawul ɗaya a buɗe, da tsayin mita 1.3. Da bututun rabin inci, mai faɗin ciki kusan milimita 16, famfon nan da aka rubuta masa 3000 ba zai ba ka fiye da kimanin lita 950 a awa ba. Da inci ¾, mai faɗin ciki kusan milimita 21, zai ba da kimanin lita 1300. Da inci 1, mai faɗin ciki kusan milimita 28, zai kai kimanin lita 1500. Idan aka ƙara zuwa inci 1¼, ƙarin da za a samu bai fi lita 100 da ɗoriya ba, wanda bai cancanci babban rami da tsadar kayan haɗi ba. Ka ga ke nan inci ¾ a hawa ba bala'i ba ne, kifi za su rayu da lita 1300, amma ka biya kuɗin famfo kana barin wani kaso na aikinsa a cikin bututu, kuma wannan lissafin na sabon bututu ne mai santsi. Bayan watanni gansakuka da danƙon datti za su kwanta a ciki su ƙara matse hanya, kuma ƙaramin bututu ya fi jin wannan. A unguwannin da ruwan burtsatsensu ke barin farin ɓawo a butar shayi, abin da ba baƙo ba ne a yankin da dutsen farar ƙasa ke shimfiɗe har ake haƙar shi a Kalambaina don yin siminti, ɓawon yana kama bakin bututu da fankar famfo ma.

Wata hanya mai sauƙi ta duba lissafin ita ce saurin ruwan. Ina son ya tsaya kusa da mita 1 a daƙiƙa a bututun hawa, kada ya wuce 1.5. A saurin mita 1 a daƙiƙa, rabin inci yana ɗaukar kimanin lita 720 a awa, inci ¾ kimanin 1250, inci 1 kimanin 2200. Lita 1500 ta zauna daram a inci 1.

Bakin famfo da ya zo inci ¾ ba hujja ba ce ta ci gaba da wannan girman. Ana sa mahaɗi mai faɗaɗawa nan da nan a bakinsa a koma inci 1, domin ƙuncin santimita kaɗan ba ya cutarwa kamar ƙuncin mita biyu da rabi. Ka rage yawan gwiwa iya iyawa, kuma inda hanya ta ba da dama a yi amfani da gwiwa mai digiri 45 ko tiyo mai kauri da zai lanƙwasa a hankali. Ɗan guntun tiyo tsakanin famfo da bututu yana kuma hana girgizar famfon shiga jikin kabad ta zama ƙugi da dare. Idan kana son rage ruwan, a bututun fita ake sa bawul, wannan ba ya cutar da irin wannan famfo. Mashigar famfo kuwa ba a matse ta.

Akwai dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan a Sakkwato fiye da yadda zan nace a Jos. Wanda ya ga ruwa ya yi rauni saboda ƙuncin bututu yakan je ya sayo babban famfo, alhali famfon da ke nutse cikin ruwa kusan duk wutar da ya ci tana komawa zafi ne a cikin ruwan. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40, ruwan tanki ya riga ya yi ɗumi fiye da yadda ake so, kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa kamar mai sanyi: a digiri 25 lita ɗaya tana riƙe kimanin miligiram 8.3, a digiri 35 kuwa kimanin 7, a daidai lokacin da jikin kifin ke ƙara buƙatarta. Babban famfo kuma ƙarin nauyi ne a kan inbata da batirin sola. Faɗin bututu sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, ƙaton famfo kuwa kullum yana ci.

Sunan bututu a kasuwa da ainihin faɗinsa

Kafin ka je sayayya ka san cewa sunan inci da ake kiran bututu da shi ba shi ne ma'auninsa ba. Yawancin bututun roba da ke shagunanmu da milimita aka yi su, kuma lambar da ke jikinsu faɗin waje ce: ana kiran milimita 20 rabin inci, 25 inci ¾, 32 inci 1, 40 inci 1¼, 50 inci 1½. Kayan da aka yi a kan ma'aunin Amurka ko Ingila kuwa, inci 1 ɗinsu faɗin wajensa ya ɗan haura milimita 33, don haka ba ya shiga soket ɗin 32 yadda ya kamata, kuma gam ba ya gyara wannan saɓanin. Idan ka yi odar wani mahaɗi daga waje, ka tabbatar da ma'aunin da aka yi shi a kai, haka ma famfo, domin wutarmu ta bolt 230 ce, wanda aka yi wa kasuwar Amurka kuwa na 120 ne.

Abu na biyu shi ne kaurin bango. Bututun PPR, wanda ake haɗawa da injin zafi, bangonsa yana da kauri sosai. Mai milimita 32 a ajin PN20 faɗin cikinsa kusan milimita 21 ne kawai, wato ka sayi inci 1 a suna amma inci ¾ ka samu a aiki, kuma idan mai haɗawa ya bar shi ya daɗe a wuta, narkakkiyar robar tana taruwa a ciki ta ƙara toshe hanya. Don wannan aiki bututun PVC na ruwan sha ya fi dacewa. Ka tafi da ruler ka auna cikin bututun da kanka, domin lissafin da na yi maka duk a kan faɗin ciki ne.

Bututun sauka

A nan ne ainihin haɗarin yake, kuma a nan ne inci ¾ guda ɗaya ba zai yi ba. Ruwa yana sauka a bututu ta hanya biyu. Ta farko ita ce ya gangara tare da iska, yana bin bango, tsakiyar bututun a buɗe. Ta biyu ita ce bututun ya cika fal babu iska ko kaɗan, sai nauyin ruwan da ke ƙasa ya riƙa jawo na sama, kamar yadda tiyo ke zuƙo fetur daga tankin mota zuwa jarka da zarar ya cika. Bututu ɗaya yana ɗaukar ruwa mabambanci ƙwarai a waɗannan halaye biyu. A saukar kusan mita 1, inci ¾ da ya cika fal yana iya kwashe kimanin lita 2400 a awa, inci 1 kuma fiye da 4000. Amma idan ruwa da iska suke tafiya tare, inci 1 ba ya wuce lita 1000 zuwa 1200 cikin natsuwa, inci ¾ kuwa bai kai nan ba.

Idan aka tura wa bututu ruwan da ya fi abin da zai ɗauka tare da iska amma bai kai abin da zai riƙe shi a cike ba, sai ya shiga kai da kawo: ruwa ya taru ya rufe bakinsa, zuƙo ya kama ya kwashe da ƙarfi, iska ta shiga da ƙara, zuƙon ya yanke, ruwa ya sake taruwa. Wannan shi ne gurnanin da ke hana mutanen gida barci, kuma lita 1500 a inci ¾ guda ɗaya daidai wannan hali za ta jefa ka. Mafi muni, bututu ɗaya ba shi da mataimaki. Ganye ɗaya, ko dodon koɗi, ko ƙaramin kifin da ya mutu ya tare bakinsa, famfo kuma bai san abin da ake ciki ba, zai ci gaba da hayar da ruwa.

Tsarin da nake amfani da shi, wanda masu kiwon kifin ado a ƙasashen waje suka sani da sunan Herbie, bututu biyu ne a cikin akwatin malala, wato ɗan akwatin da ake mannawa a cikin tanki wanda ruwan saman ke tsallaka leɓensa ya faɗa ciki. Bututu na farko bakinsa yana ƙasa, a nutse, yana aiki a cike koyaushe, kuma ana sa masa bawul can ƙasa kusa da tankin tacewa, a riƙa rufewa kaɗan-kaɗan har abin da yake kwashewa ya yi daidai da abin da famfo ke hayarwa. Da yake babu iska a cikinsa, shiru yake aiki. Bututu na biyu bakinsa yana sama da na farkon da kimanin santimita 15, kuma aikinsa jira ne: a bushe yake ko ɗan siririn ruwa ne ke bin bangonsa, sai ranar da na farko ya toshe ya karɓi ruwan gaba ɗaya. Shi ya sa ba a sa masa bawul, ba a sa masa raga mai ƙananan idanu, kuma ba ya zama ƙarami fiye da na farko. Ina barin ƙarshensa sama da ruwan tankin ƙasa da gangan, don idan ya fara aiki ƙarar zubar ruwan ta sanar da mai gida cewa akwai matsala. Ƙarshen na farkon kuwa a nutsar da shi santimita 2 zuwa 3 kacal, domin idan ya yi zurfi iskar da ke ciki takan kasa fita lokacin da famfo ya tashi.

Za ka iya tambaya me ya sa ban ce a yi na farkon da inci ¾ ba, tunda 2400 ta fi 1500. Zai yi aiki, amma tazarar ba ta da yawa idan datti ya kwanta ko ka sauya famfo nan gaba, kuma ƙaramin baki ya fi saurin toshewa. Me ya sa kuma ban ce inci 1½ ba? Domin lita 1500 a cikin bututu mai faɗi haka tafiyar hawainiya take yi, ba ta da saurin da zai kori kumfar iska zuwa ƙasa, sai zuƙon ya daɗe bai kama ba. A garin da wuta ke iya tafiya ta dawo sau da dama a yini, ko a sauya daga layi zuwa janareta, tsarin da ba ya komawa daidai da kansa bayan kowace tsayawa wahala ce. Don wannan dalilin ne kuma nake guje wa shimfiɗa bututun sauka a kwance. Inda ya zama dole ya karkata, a ba shi gangara.

Idan wuri bai ba da damar rami biyu na sauka ba, akwai tsarin bututu ɗaya da ake kira Durso, mai lanƙwasasshen kai da ƙaramar kafar iska a sama. A wannan hali kada ya gaza inci 1½ ga lita 1500, kuma kada a sa masa bawul. Akwai kuma tsarin bututu uku, wanda ya fi duka aminci, amma ga lita 360 ban ga ya zama dole ba. Tunda gilashinka ba a huda shi ba, biyu nake ba ka shawara.

Leɓen akwatin malala shi ma yana da ma'auni. Lita 1500 a awa a kan miƙaƙƙen leɓe mai tsawon santimita 30 tana tsallakawa da kaurin da bai kai santimita 1 ba. Idan an yanka masa haƙora don tare kifi, rabin hanyar ya rufe, sai ruwan ya tashi kusan santimita 1.5. Ka lissafa wannan kafin a manna akwatin, don saman ruwan ya tsaya aƙalla santimita 3 ƙasa da bakin tanki.

Idan an ɗauke wuta

Da zarar famfo ya tsaya, ruwan da ke sama da leɓen akwati zai gangaro, wanda ke cikin bututu ma zai sauko, kuma bututun hawa zai juya ya zama mai zuƙo, yana jawo ruwan tankin sama zuwa ƙasa har sai bakinsa ya sha iska. Lissafin mai sauƙi ne. Saman tankinka 120 sau 50 ne, don haka kowane santimita ɗaya na zurfi lita 6 ne. Tankin ƙasa 80 sau 35 ne, kowane santimita lita 2.8. Idan bakin bututun hawa yana santimita 5 ƙarƙashin ruwa, lita 30 za ta sauko, a ƙara lita 3 ko 4 na cikin bututu da akwati, wato ruwan tankin ƙasa zai tashi da kimanin santimita 12. Saboda haka a tanki mai tsayin 40, ruwan aiki kada ya wuce santimita 25, a bar 15 fili. Idan kuwa aka nutsar da bakin santimita 15 don a ɓoye shi, lita 90 ce za ta sauko, kuma tankin ƙasan gaba ɗayansa lita 112 ne. An taɓa kirana wani gida da hakan ta faru, kafet da kujeru sun jiƙe, wuta kuma ta dawo ta tarar da soket a cikin ruwa, wanda shi ne ɓangaren da ya fi tayar mini da hankali. Soket da mahaɗin waya su kasance a sama, nesa da inda ruwa zai iya kaiwa.

Ana huda ƙaramar kafa mai milimita 3 ko 4 a jikin bututun hawa, dab da ƙarƙashin saman ruwa, don ta sha iska da wuri ta yanke zuƙon. Dabara ce mai kyau kuma ina yin ta, amma gansakuka na toshe ta. Bawul mai hana ruwa komawa baya shi ma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa, ga shi kuma yana rage ƙarfin famfo. Kada ka dogara da ɗayansu. Abin dogaro shi ne bakin bututun ya kasance kusa da saman ruwa, tankin ƙasa kuma yana da filin da zai karɓi duk abin da zai sauko ko da kafar ta toshe.

Akwai lissafin kishiyar wannan. Idan bututun sauka biyun suka toshe tare, famfo ba zai iya hayar da fiye da ruwan da ke ɗakinsa ba, wato sashen tankin ƙasa da aka keɓe masa. Ɗakin famfo mai santimita 20 sau 35 yana riƙe lita 0.7 a kowane santimita, wato kimanin lita 14 a zurfin 20, filin santimita 3 da ka bari a tankin sama kuwa lita 18 ne, don haka ba zai zube ba. Sai dai ƙaramin ɗaki yana da nasa nauyin: duk ruwan da ya ƙafe daga tankunan biyu a ɗakin famfo kaɗai yake nunawa. A lokacin hunturu, da iska ke bushe, idan lita 4 ta ƙafe ruwan ɗakin ya sauka kusan santimita 6. Ka yi alama a jikin gilashin, ka riƙa cikawa zuwa alamar kawai, famfo yana aiki, kada ka wuce ta.

Gilashi da kayan haɗi

Ka sayi mahaɗan jikin tanki, waɗanda masu gyaran famfo ke kira baknot, kafin a huda, a auna ramin a kansu. Na inci 1 yakan buƙaci rami kusan milimita 45, na inci 1½ kusan 60, amma kamfani ya bambanta da kamfani. A bar tazarar da ta kai aƙalla faɗin ramin tsakaninsa da gefen gilashi, da kuma tsakanin rami da rami. Ka tambayi wanda ya haɗa tankin ko gilashin irin gasasshen nan ne mai tauri, domin shi ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi gaba ɗaya. Zoben roba yana zama a ɓangaren kan mahaɗin, ba ɓangaren noti ba, kuma da hannu ake ɗaurewa a ƙara ɗan juyi kaɗan. A ɗaure bututun a jikin kabad don nauyinsa kada ya rataya a gilashi.

Kada tagulla, jan ƙarfe ko bututun ƙarfe su taɓa ruwan, domin abin da suke saki yana taruwa a ruwan da ke zagaye wuri ɗaya ya cutar da kifi. Wannan yana kawo 'yar matsala, tunda get-bawul, mai kan da ake murzawa zagaye da yawa, wanda ya fi daɗin saitawa a hankali, yawanci na tagulla ake samu a shago. Idan ba ka sami na roba ba, bol-bawul na PVC, mai hannun da ake juyawa kwata ɗaya, zai yi, sai dai saitinsa yana son haƙuri: a juya kaɗan, a jira mintuna, a sake dubawa. A sa yuniyon, wato mahaɗin da ake kwancewa ba sai an yanke bututu ba, a saman famfo da gefen kowane bawul don a iya kwancewa a wanke, a jiƙa fankar famfo a ruwan khal idan ɓawo ya kama ta. Bayan an sa gam a bari ya kwana ya wuni, a ɗauraye da ruwa kafin a haɗa da tanki.

Lambobin da na kawo na lissafi ne a kan tsayi da yawan gwiwar da na ƙiyasta, ban ga kabad ɗinka ba, kuma ƙananan famfuna da yawa ba sa cika abin da aka rubuta a kwalinsu. Ƙwarewata kuma a tankin ruwan daɗi take, mai son na ruwan gishiri yana da ƙarin sharuɗɗa. Don haka kafin kifi ya shiga, ka auna da kanka. Ka tara ruwan da ke saukowa a jarka mai lita 25: idan ta cika a minti ɗaya, lita 1500 ke nan a awa. Sannan ka kashe famfo ka tsaya har ruwa ya daina sauka, ka ga inda ya tsaya a tankin ƙasa, ka sake gwadawa da kafar iskar a toshe da yatsa ko tef. Ka kunna ka ga ko zuƙon ya kama da kansa cikin mintuna kaɗan. Daga nan ka rufe bawul ɗin bututun farko ruf, famfo yana aiki, ka tabbatar na biyun ya kwashe ruwan duka ba tare da saman tanki ya kai baki ba. Idan ya gaza a wannan gwajin, a rage famfo ko a faɗaɗa bututun, sannan a sake gwadawa kafin a zuba kifi.